Hotunan Taurari Masu Launi: Gaskiya Ne Ko Fenti?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a ƙasar Gumel. Ya ce ɗansa ya nuna masa hotunan sararin sama a waya, ja da shuɗi kamar zanen atamfa, kuma yaron ya dame shi a sayar da maraƙi a sayo masa madubin hangen nesa, wai shi ma ya ɗauki irinsu. Malamin ya ce tun yana yaro yake kwana a waje lokacin bazara, bai taɓa ganin ja a sama ba. Shin gaskiya ne, ko fenti aka shafa?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. A taƙaice, launin yana nan, idonka ne ba ya iya kama shi. Ka gwada da kanka: da duhun dare ka dubi jar hula da koriya, duk toka-toka za ka gansu. Haka Allah ya yi idon ɗan Adam, in haske ya yi ƙaranci sai ya daina rarrabe launi. Ita kuwa kyamara ana iya barin idonta a buɗe tana tara haske, kamar yadda ake kafa randa a ƙarƙashin indararo. Yayyafi ne, amma in an daɗe sai ta cika.

Abin da ake ɗauka ɗin, gizagizai ne na iska da ƙura da ke tsakanin taurari. Jan da ka gani iskar haidirojin ce, wadda zafafan taurari suke sa ta yi haske. Shuɗin kuma sau da yawa ƙura ce da hasken taurari ya faɗa mata, kamar wadda ke kewaye da Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya. Nisansu daga nan ya kai tafiyar haske ta shekara 440, shi haske kuwa kilomita 300,000 yake ci a daƙiƙa ɗaya.

Sai dai fa a yi hattara, ba kowane hoto ne launinsa yake yadda yake ba. Akwai wani shahararren hoto da madubin Hubble ya ɗauka a 1995, inda masana suka bai wa kowace iska nata launin da gangan, haidirojin suka sa mata kore, domin a gane wannan daga waccan. Wannan ba yaudara ba ce, kamar taswira ce da aka rina kowace jiha da launi dabam.

Sai maganar maraƙi. Malam, kada ka sayar. Irin hoton da yake kwaso faɗin sama da dubban taurari ba ya bukatar madubin hangen nesa, don shi madubin ɗan wuri ƙanƙane yake nunawa. Wani Ba'amurke, Edward Barnard, ɗan talakawa ne wanda ya fara aiki a shagon mai hoto yana ɗan shekara 9. Daga 1889 ya riƙa ɗaukar farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama, da gilashin da aka yi domin ɗaukar hoton mutane. Kafin shi, a 1880, wani likita mai suna Henry Draper ya fara ɗaukar gajimaren Oriyon, ya bar kyamara a buɗe wajen minti 50. Hotunansu baƙi da fari ne, amma su suka share hanya.

Ga yadda yaron zai fara da abin da ke hannunsa. Da farko ya nemi duhu. A nan ku mutanen karkara kun fi na birni sa'a, domin fitilun Kano ko Kaduna suna shafe ƙananan taurari. Ya bari sai ƙarshen wata ko farkon tsayuwarsa, lokacin da babu farin wata. Mafi kyawun lokaci shi ne kaka, wajen Nuwamba, ruwa ya wanke sama, hazon hunturu bai sauko ba tukuna. Wajen ƙarfe 10 na dare ya dubi gabas, zai ga taurari uku a jere. Ta kudu da su akwai wasu ƙanana, na tsakiyarsu ya yi dishi-dishi kamar auduga. Shi ne gajimaren Oriyon, nisansa ya haura tafiyar haske ta shekara 1,300.

Na biyu, kada ya riƙe wayar a hannu. Ya jingina ta a kan turmi ko buhun gero, ya sa ta ɗauka da kanta bayan 'yan daƙiƙoƙi don kada ta motsa. Wayoyi da dama suna da wurin saita ɗaukar dare. Ya ba ta daƙiƙa 10 zuwa 20, kada ya wuce haka, domin duniya tana juyawa, in ya daɗe taurarin za su zama zare-zare. Masu wannan sha'awa sukan ɗauki hoto 30 ko 50 na wuri ɗaya, su haɗa su a kwamfuta, sai launin ya ƙara fitowa.

Amma mu gaya masa gaskiya: a waya, gajimaren ɗan ɗigo ne kawai zai fito. Manyan hotunan nan da ya gani, an ɗauke su da na'urar da ke bin taurari sannu a hankali, wani lokaci awa da awa. Ya fara da ƙarami. In kaka biyu ta wuce yana nan bai gaji ba, sai a yi maganar kyamara, ko da ta hannu ce.

Malam, muna fata mun warware maka. A gai da yaron da sauran mutan gida. Jama'a, a ci gaba da aiko da takardu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.