Buƙatun unguwanninmu: ta wace ƙofa za mu shigar da su?

 

An ba ni ƴan mintoci in yi magana kan gyaran unguwanni, da yadda ma'aikatar magajin gari ke amsa kukan jama'a.

Tun 2004 aka fara zaɓen kansiloli na komin-komin a Nijar. A 2011 Junju ta fita daga ƙarƙashin Gaya ta zama gunduma, da komin uku: Junju, Karakara da Zabori. A 2016 kuma gwamnati ta miƙa wa komin wani ɓangare na aiki a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Ke nan famfon unguwa da ajin firamare ba sai an kai maganarsu Yamai ba, a nan gida ake fara ta. A watan Afrilu 2024 an rusa majalisun komin, an naɗa kantomomi. Ofishin dai yana nan, kasafin kuɗi ma ana yin shi kowace shekara.

To, ina gizo ke saƙa? Komin tana aiki da takardu biyu. Akwai tsarin raya komin na shekara biyar, wanda ake kira PDC, sai tsarin ayyuka na shekara da ake tsamowa daga cikinsa. Abin da bai shiga takardun nan ba, da wuya ya samu ko dala. Mu kuwa kukanmu a fada yake ƙarewa, ga shayi ga ƙorafi, gari ya waye mu watse.

Shawarata, mu tsaya kan abu uku, mu jera su bi da bi.

Na farko ruwan sha. Gyaran famfon da ya lalace ya fi gina sabo araha, kuma ƙannenmu mata da ke makara lakol saboda layin ruwa su za su fara ganin amfaninsa.

Na biyu hanyoyin ruwa da shara. Mu ƴan bakin Dallol Mauri ne. Damshin da ke ba mu rake shi ke tara sauro in kwata ta toshe, sai damina ta zo likita ta cika da yara masu masassara. Wannan aikin bazara ne, ba na watan Agusta ba.

Na uku azuzuwan zana. Ba mu manta gobarar Yamai ta Afrilu 2021 da ta Maraɗi ta Nuwamban shekarar ba, inda yara ƙanana suka rasu cikin aji.

Wani zai ce, ai kullum amsarsu ɗaya ce: babu kuɗi. Akwai gaskiya a ciki. Kuɗin komin daga lanho da harajin kasuwa suke fitowa, sai tallafin gwamnati ta hannun ANFICT da na abokan hulɗa. Wanda ya ƙi biyan lanho ya rage wa kansa bakin magana. Amma wanda ya biya ya karɓi rasit, shi ma yana da haƙƙin ya tambaya ina kuɗin suka shiga.

Saboda haka ga roƙona. Kowace unguwa ta fidda mutum biyu, namiji da mace, su ƙirga famfunan da ba su aiki da azuzuwan zana. Mu rubuta da Hausa da Faransanci, mu bi ta hannun mai unguwa da mai gari, mu kai kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake tsara kasafi. Mu faɗi abin da mu za mu ɗauka: yashe kwata da kwasar shara namu ne, su kawo baro da shebur. Mu riƙe kwafi, bayan wata uku mu koma cikin ladabi mu ji inda aka kwana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu ikon cikawa.