HAƘORAN ROBA: DON ME LIKITA KE AUNA FUSKA?

Yau za mu yi magana a kan haƙoran roba, waɗanda a kan yi wa mutum in nasa sun zube.

Wani dattijo ya kan je asibiti don haƙora, sai ya ga likita ya ɗauko ma'auni yana auna masa hanci da haɓa. Ya ce, "Likita, ai baki na kawo, ba hanci ba!" To, ga dalili.

In haƙora sun zube, ƙashin muƙamuƙi ya kan riƙa zaizayewa, alamar inda suke ta ɓace. Amma fuska tana nan, ita ce shaida. Faɗin hanci ya kan nuna kusan inda fiƙoƙin sama za su tsaya. A kan daidaita jerin haƙoran gaba da idanu biyu, kada su karkace. Turame kuwa a kan bi layin da ya taso daga gefen hanci zuwa kunne. Sa'an nan a auna daga hanci zuwa haɓa sau biyu: baki a sake, da baki a cije. Ana so a bar rata ta milimita 2 zuwa 4. In babu ratar, haƙora su yi ta karo, dasashi ya yi ciwo. In ta yi yawa, kumatu su lotsa, tauna ta yi wuya.

Amma awo jagora ne kurum, gama Allah bai yi fuskoki iri ɗaya ba. Shi ya sa a kan fara jera haƙoran a kan kaki, a gwada maka. Dubi madubi, yi magana, faɗi abin da bai yi maka ba tun ba a gama ba. In kana da tsohon hoto inda haƙoranka suka fito, tafi da shi.

Saboda haka kada ka ari na wani, kada ka sa na mamaci. Kayan aro ba ya rufe katara. Gyambon baki da ya kai mako 2 bai warke ba, nuna wa malamin disfensare. A Sakkwato akwai likitocin haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Za a sa ka zuwa sau huɗu ko biyar. Yi haƙuri, ka cika su duka.

Allah ya ba mu lafiya, amin.