Idan Wutar Gas Ta Ja Baya Ana Tsaka da Dahuwar Zoɓo

Shirin yau na iyayenmu mata ne da ƙannenmu masu dafa zoɓo da kunun zaƙi da lemon citta a gida don sayarwa, irin na nan Unguwar Sarki a Kaduna da kulolinsu ke isa bakin Masallacin Sultan Bello tun da hantsin Juma'a.

Kukan nasu ɗaya ne. Hajiya ta ɗora babbar tukunya da asuba, wuta ta kama shuɗiya shar tana huci, amma kafin ruwa ya tafasa sai ta fara lanƙwashewa. A jijjiga silinda, a ji da sauran gas. Nan take sai a ɗora wa mai gas laifi, a ce ya yi algus. Wani lokacin haka ne, amma sau da yawa ba ruwansa.

Hajiya, taɓa jikin silindar. Kin ji ta yi sanyi ƙalau, har da raɓa daga ƙasa zuwa inda gas ya tsaya? To, ga dalili. Abin da ke ciki ruwa ne, sai ya koma iska kafin ya bi tiyo, kuma ba ya komawa iska sai ya zuƙi ɗumi daga jikin ƙarfen. Kamar dai randa, wadda tsattsafar da ke bushewa a jikinta ke sanyaya ruwan ciki. Babban murhu yana jan gas da sauri, silinda ta huce, ƙarfin turowa ya faɗi. Gas ɗin girkinmu haɗin butan ne da furofen. Furofen yana zama iska ko da sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifili, shi kuwa butan daga an kusanci sifili ya fara noƙewa. Shi ya sa abin ya fi tsanani da asubahin hunturu, a Disamba da Janairu, kuma ya fi kama ƙaramar silinda ko wadda ta kusa ƙarewa.

Maganin ba wuya. Mai kilo 3 ko 6 ta shayi da indomi ce, ba ta tukunyar biki ba. A nemi mai kilo 12.5, ko a ajiye biyu ana canzawa. In ta kama dole, a tsayar da ita cikin baho da ruwan famfo, ba ruwan zafi ba. Kada a kwantar da ita, domin ruwan gas ne zai shiga tiyo, wuta ta yi tsalle. Masu kara ta kusa da garwashi kuwa, don Allah ku bari.

Sai regileta, wato kan da ake maƙalawa a bakin silinda. Na kukar gida yana sakin gas a hankali, wajen miliba 30, ba zai ƙosar da babban murhun ƙarfe ba. Wannan sai mai ƙarfi, wanda ake murɗawa a ƙara ko a rage. Shi kuma ba a sa shi a ƙaramar kuka. Wasu suna da makullin tsaro a ciki, idan aka buɗe silinda alhali murhu na buɗe sai ya toshe hanya, wuta ta koma 'yar mitsitsiya. A rufe komai, a ɗan jira, a buɗe silinda tukuna, sannan murhu.

Idan wutar ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya, iska ce ba ta isa. Kunun da ya zube ya bushe a ramukan murhu, ko zanzaro ya yi gini a bututu. A goge da buroshi bayan murhu ya huce. Kada a sa ƙusa a faɗaɗa 'yar ƙofar da gas ke fita.

Akwai kuma yoyo. A kaɗa sabulu a shafa kumfar a mahaɗar tiyo da regileta, inda ta yi ƙwai nan yake fita. Ba a gwadawa da ashana. Mutanen Kaduna ba su manta da fashewar shagon gas a Sabon Tasha ranar 4 ga Janairun 2020 ba, wadda ta ci rayuka. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. In kin ji warinsa, rufe silinda, buɗe ƙofa da taga, kada kowa ya taɓa makunnin lantarki, a fitar da yara tsakar gida sai warin ya wuce.