Kafin a Ce a Yi Mata Fomat: Abin Yi Idan Kwamfutar Gida Ta Rikice Bayan Sabunta Windows

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan ƙungiya na reshenmu a Dogon Daji

 



An nemi mu yi magana a kan matsalar da ta addabi gidaje da yawa a cikinmu: kwamfuta tana aiki lafiya, a sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wato Windows, daga nan ta fara daskarewa, ko ta riƙa mutuwa tana tashi, ko ta ƙi buɗewa sam. Mu ba injiniyoyi ba ne. A kwalejin ilimi tsara darasi da riƙon aji aka koya mana. Abin da za mu faɗa a yau wahala ce ta koya mana shi, tare da tambayar waɗanda suka fi mu sani.

Kwamfuta ta shigo aikinmu ko muna so ko ba mu so. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, jarrabawar cancanta ta TRCN ma a kanta ake rubutawa. A gidajenmu kuwa na'ura guda ce ke ɗauke da komai: makin ɗalibai, jerin sunayen aji, tambayoyin jarrabawa, kundin digirin da muke fafutukar kammalawa, hotunan takardun ɗaukar aiki da na ƙarin girma, da darussan gwaji na 'ya'yanmu. Yawancin waɗannan na'urori na hannu ne, mun saye su da adashe ko da rancen ƙungiya.

Bari mu fara da abin da ya sami wata 'yar uwarmu malama. Ɗanta ya ga saƙon sabuntawa da dare, ya danna. Aikin bai yi nisa ba aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ya daɗe da mutuwa. Da safe kwamfutar ta ƙi wuce tambarin farko. Hankalinta ya tashi domin saura kwanaki kaɗan a miƙa sakamakon zango, sai ta aika da ita birni wurin wani mai gyara. Bai tambayi abin da ke ciki ba, ita ma ba ta yi masa kashedi ba. Ya yi mata fomat, ya ɗora sabuwar manhaja, ya karɓi kuɗinsa. Kwamfuta ta dawo tana gudu, amma makin aji biyu da babi uku na kundinta sun tafi. Abin da ya fi ciwo shi ne, a lokacin da na'urar ta bar gida, fayilolin nan suna nan daram a rumbun ajiyarta. Fomat ɗin ne ya share su. Wannan shi ne jigon maganarmu: rikicewar Windows da wuya ta cinye aikin mutum, gaggawar gyara ce ta fi cinye shi.

Akwai dalilin da ya sa matsalar ta yawaita a wannan lokaci. Windows 10 ta fito a watan Yuli na 2015, kamfanin Microsoft kuma ya daina tallafa mata a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a Oktoba na 2021, ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: ƙwaƙwalwar aiki, wato ram, aƙalla gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, da injin sarrafawa wanda bai tsufa ba. A na Intel, galibi daga zubi na takwas zuwa sama. Kwamfutocin hannu da yawa ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Masu gyara sun san dabarar tsallake su, sukan ɗora Windows 11 da ƙarfi, amma kamfanin ya bayyana cewa irin wannan na'ura ba ta da tabbacin samun tallafi ko gyare-gyare. An aza wa jaki kayan raƙumi ke nan.

Kada wani ya ɗauka rashin wayewarmu ne ya jawo. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, ayyukan bankuna da asibitoci suka tsaya. Fayil guda ne ya yi wannan ɓarna, cire shi kuma shi ne maganin.

Abubuwa huɗu ne suka fi jawo rikicewa bayan sabuntawa. Na farko, direba. Kowane sashe na kwamfuta, allo ne ko lasifika ko firinta, yana da 'yar manhajar da ke yi masa tafinta da Windows, ita ake kira direba. Idan Windows ta canza, tsohon tafinta bai iya sabon harshe ba, sai magana ta rikice. Na biyu, sabuntawar da ta katse saboda ɗaukewar wuta, ko ƙarewar data, ko cikar rumbun ajiya. Na uku, tsofaffin manhajoji, musamman maganin bairos na waje, da manhajojin sata da ake cika mana na'ura da su a kasuwa. Na huɗu, ciwon da ke jikin na'urar tun da farko. Sabuntawa aiki ne mai nauyi na sa'o'i; ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin bazara a nan yankin Sakkwato kuma yakan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Ram mai rauni ko rumbun da ya gaji, a irin wannan rana asirinsu ke tonuwa.

To, idan abin ya faru, me za mu yi? Mu bi matakai daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani.

Mataki na farko shi ne saurare da rubutawa. Idan shuɗin allo ya bayyana, wanda a sabbin fitowar Windows 11 ya koma baƙi, akwai rubutu a ƙasansa da ke faɗin dalilin tsayawar. Mu ɗauki hotonsa da waya. Idan muka ga MEMORY_MANAGEMENT, a fara zargin ram. Idan INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ne, Windows ce ta kasa isa ga rumbun ajiya. Idan rubutun ya ƙunshi kalmar DRIVER, ko ya ambaci fayil mai ƙarewa da .sys, direba ne abin tuhuma. Idan kuwa babu wani rubutu, na'urar ta yi zafi, fanka na kuka, sannan ta ɗauke ɗif, to zafi ne. Mu rubuta lokacin da abin ke faruwa da aikin da ake yi a lokacin, kamar yadda muke lura da yaron da ke yawan kuskure a wuri guda.

Mataki na biyu, mu cire duk abin da aka jona: filash, firinta, modem, katin ajiya. Mu bar caja kaɗai, mu kunna. Sau da yawa a nan matsalar ke ƙarewa, daga nan sai a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana.

Mataki na uku, idan kwamfutar ta buɗe ko da na minti goma ne, kada mu ɓata lokacin wajen gyara. Mu kwashe fayiloli zuwa filash, mafi muhimmanci a gaba. Idan kuma muka ji rumbun yana ƙara ƙas-ƙas, mu kwashi abin da ya samu mu kashe ta, domin kowace kunnawa tana ƙara masa rauni.

Mataki na huɗu, komawa baya. Wannan ƙofa ce da yawancinmu ba mu san da ita ba. Bayan babbar sabuntawa, Windows tana ajiye tsohon tsarin a wata folda mai suna Windows.old har kwana 10. A cikin waɗannan kwanaki, a Windows 11, mu shiga Settings, sai System, sai Recovery, mu danna Go back, na'urar ta koma yadda take. Kada mu share wannan folda don neman wuri, kada kuma mu jira albashi ya shigo kafin mu duba, domin kwana goma ba sa jira.

Mataki na biyar na wanda kwamfutarsa ta ƙi buɗewa ne. A kunna ta, da zarar tambari ya bayyana a danne maɓallin wuta har ta mutu. A maimaita sau biyu ko uku, za ta shiga shafin gyara da kanta. A zaɓi Troubleshoot, sannan Advanced options. A nan akwai Startup Repair mai gyara tashi, da Uninstall Updates mai cire sabuntawar ƙarshe, da System Restore mai mayar da tsari zuwa wata rana ta baya ba tare da taɓa takardunmu ba. Akwai kuma Startup Settings: a danna Restart, a danna lamba 4, sai a shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kaɗai.

Safe Mode gwaji ne mai raba gardama. Idan kwamfutar ta zauna lafiya a cikinsa, laifin na direba ne ko na wata manhaja. Sai a cire maganin bairos na waje, tunda Windows tana da nata mai suna Microsoft Defender, a cire duk abin da aka ɗora kwanan nan, a shiga Device Manager a mayar da direban allo na baya ta hanyar Roll Back Driver, ko a sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. Ana iya buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa a rubuta sfc /scannow, domin ya duba fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace. Idan kuwa a Safe Mode ɗin ma tana faɗuwa, zargi ya koma kan jikin na'urar. A gwada ram da Windows Memory Diagnostic, a sa a buɗe ta a kakkaɓe ƙura.

Sai bayan duk wannan ne za a nemi mai gyara, kuma da sharaɗi. Mu gaya masa a fili: kada a share komai sai an kwashe fayiloli mun gani da idonmu. Mai gyaran kirki zai iya tayar da na'urar daga filash, ko ya ciro rumbun ya jona shi a wata kwamfuta ya kwashe. Ko sake ɗora Windows ya zama dole, a cikin Reset this PC akwai zaɓin Keep my files, wanda ke cire manhajoji ya bar takardu. Abu guda ne zai iya tare hanya: wasu na'urori suna kulle rumbunsu da BitLocker, su nemi mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yana ajiye a asusun Microsoft na mai na'urar. Mu nemo shi tun ana lafiya, mu rubuta a takarda mu adana tare da takardun shaidarmu. Kada kuma mu manta cewa sunayen 'ya'yan mutane da makinsu amana ce a hannunmu. Ba kowane shago ake barin su su kwana ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kowace babbar sabuntawa, mu ajiye kwafi biyu na aikinmu, ɗaya a filash, ɗaya a imel ko Google Drive. Mu gwada na'urar da manhajar PC Health Check mu ga ko ta cancanci Windows 11. Mu tabbatar da wuta mai ɗorewa ta sa'o'i, sola ko janareta, da isasshiyar data, da wuri a rumbu. Mu yi aikin da sanyin safiya, a kan tebur, ba a kan katifa ko darduma da ke toshe iska ba. Mu guji makon jarrabawa da na haɗa sakamako. Windows tana da Pause updates don ɗage sabuntawa na ɗan lokaci. Mu buɗe wa yara nasu asusun daban wanda ba shi da ikon mai gudanarwa.

Wanda na'urarsa ba ta cancanta ba, ba lalle ne ya jefar da ita ba. Windows 10 ba ta daina aiki ba, kariyar tsaro ce ta yanke, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Na'urar da aikinta buga takardu ne tana iya ci gaba idan an rage hawa intanet da jona filash ɗin kowa. Akwai kuma Linux Mint da LibreOffice, kyauta ne, halal ne, kuma suna tafiya a tsofaffin na'urori.

A ƙarshe muna da roƙo ga shugabannin reshe. A ware rana guda a farkon kowane zango, a makarantar da ke da sola, kowa ya zo da kwamfutarsa da filash ɗinsa. Matasan malamanmu da suka karanci kwamfuta su zauna da mu a kwashe fayiloli, a duba na'urori, a yi sabuntawa a gaban wanda ya sani. A kula da 'yan uwanmu mata da waɗanda ke makarantun nesa a ɓangaren Kebbe, waɗanda zuwa Sakkwato don gyara ke cinye musu yini da kuɗin mota. Ƙungiyarmu ta NUT tun 1931 take tsaye a kan kare malami, kare gumin da ya zuba a cikin aikinsa kuwa yana cikin wannan.

 Kuskuren da ke cikin wannan bayani namu ne, muna maraba da gyara daga waɗanda suka fi mu sani. Allah ya sa albarka a aikinmu, ya shirya mana ɗalibanmu da zuriyarmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.