Hattara da Kura da Fatar Akuya a Kwamfuta



Akwai manhajar da ke shigowa da sunan mai gadi, alhali kuwa ita ce ɓarauniyar. Alamarta: sanarwa ta faɗo kan allo, wai kwamfutarku ta kamu da cuta, ku biya a warkar. Tallace-tallace su yi ta tsirowa, na'ura ta yi nauyi. A 2008 wata kotun Amurka ta dakatar da masu WinFixer saboda irin wannan yaudara.

Kada ku latsa, kada ku biya. Ku katse intanet, ku goge baƙuwar manhajar, sa'an nan ku bincike kwamfutar da Microsoft Defender. Wanda ya riga ya ba da lambar katinsa, ya garzaya banki yau.

Rigakafi ya fi magani.