U-69, Jirgin Jamus Mai Nutso da Ya Dasa Nakiya a Bakin Ikko

Laccar da aka gabatar ga malamai da ɗaliban tarihi a Gawon Nama, Sakkwato



Daga Gawon Nama zuwa bakin teku tafiyar kusan kilomita dubu ce, shi ya sa idan aka ambaci Yaƙin Hitila, hankalin Basakkwace yakan tafi ne kan sojojin da aka kwasa zuwa Bama. Amma tun kafin su tafi, yaƙin ya riga ya iso ta ruwa. A farkon sarautar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, fatar jar akuyar Sakkwato da gyaɗar ƙasar Zamfara sukan hau jirgin ƙasa a Ƙauran Namoda ko Gusau, su sauka a Apapa ta Ikko, daga nan sai Ingila. Gishiri da kananzir da yadi su ma ta nan suke shigowa. Wannan hanya ce wani jirgin Jamus mai nutso, U-69, ya zo da niyyar datsewa a watan Mayun 1941.

A birnin Kiel aka ƙera shi, ya fara aiki a Nuwamban 1940. Tsawonsa mita 67, faɗinsa kamar mita shida, cikinsa kuwa mutum arba'in da 'yan kai. A saman ruwa injin dizal ne ke jan sa, yana cika batir. In ya nutse sai batir kaɗai, gudunsa ya ragu fiye da rabi, don haka mafi yawan tafiyarsa a sama yake yi, sai ya hango haɗari ko ya ga abin farauta yake lumewa. Zaman ciki kuwa azaba ce. Babu ruwan wanka. Gado ɗaya na mutum biyu ne, wannan na tashi aiki wancan na kwanciya kafin shimfiɗar ta huce. Burodi na rataye cikin raga yana fumfuna, komai aka ɗauka warin dizal yake yi. A jikin hasumiyarsa sun zana kan saniya tana dariya, hoton da suka kwafo daga kwalin cukun Faransa, wanda har yau ake gani a kantuna.

Me ya kawo shi nan? Abu biyu ne. Na farko, jiragen 'yan kasuwa da yawa a gaɓar Afirka ta Yamma su kaɗai suke tafiya, ba 'yan rakiya. Na biyu, Takoradi. Tun Satumban 1940 Ingilishi suke sauke jiragen saman yaƙi cikin akwatuna a wannan tasha ta Gwalkwas, wato Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri har Hartum da Alƙahira. Duk wanda ya toshe Takoradi da Ikko ya taɓa yaƙin da ake yi a hamadar Masar.

Kwamandan U-69, Jost Metzler, tsohon ma'aikacin jiragen fatauci, ya baro Lorient ta Faransa a farkon Mayu. Ba a yi jirgin don irin wannan nisa ba, sai da wata tankar Jamus ta shayar da shi mai a tsakiyar teku. Ranar 21 ga wata ya tare Robin Moor, jirgin Amurka, can yamma da Saliyo, alhali Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna. Ya sa mutanen ciki suka sauka cikin kwale-kwale, sannan ya nutsar da jirgin. Wasu sun haura mako biyu suna gararamba a teku kafin a tsince su, kuma Shugaban Amurka Roosevelt ya kai maganar gaban majalisa.

A ƙarshen watan ne ya yi aikin da ya kawo shi. Cikin dare ya sulale zuwa bakin Takoradi, sannan bakin Ikko, ya zuba nakiyoyi. Irin nakiyar nan kwanciya take yi a ƙasan ruwa mara zurfi, ba ta bukatar a taɓa ta. Ƙarfen jirgin da ya bi ta kanta ne ke tayar da ita. Ranar 31 ga Mayu ya harbi Sangara, jirgin kamfanin Elder Dempster, yana tsaye a gaɓar Akkara. Ranar 4 ga Yuni kuma nakiyar Ikko ta tashi da jirgin Robert Hughes.

A nan ya kamata ɗalibi ya ɗan dakata, domin littattafan Turai layi ɗaya suke ba wannan jirgi su wuce. Robert Hughes jirgin yasa ne. Aikinsa kwashe yashin da ke taruwa a bakin tasha, don jiragen da ke ɗauke da gyaɗa da fata da ƙwara da kuza su sami hanyar fita. Mutanen da suka mutu a cikinsa ma'aikata ne da suka fito neman abinci. Asarar jiragen fatauci, da janye sauran zuwa jigilar yaƙi, ita ce ta sa gishiri ya yi wuya a kasuwannin Nijeriya a shekarun nan, yadi da kananzir suka yi tsada. Ga mutanen ƙasar Sakkwato abin ya zo goma da ashirin, tunda Ƙwanni da Maraɗi suna hannun Faransawan Vichy masu biyayya ga Jamus, harkar iyaka ta tsuke har ƙarshen 1942.

Komawar U-69 ba ta zo da sauƙi ba. Ingilishi sun bi tankokin Jamus sun nutsar a watan Yuni, mai ya kusa ƙare masa, sai da ya shiga Las Palmas ta tsibiran Sifen a ɓoye ya sha. Ya isa Faransa a watan Yuli.

Mafi munin aikinsa ya zo ne a hannun wani kwamanda, Ulrich Gräf. Ranar 14 ga Oktoban 1942, kafin asuba, ya harbi Caribou, jirgin fito mai ɗaukar fasinjoji tsakanin Kanada da tsibirin Newfoundland. Mutum 137 suka mutu, har da mata da ƙananan yara. Wata huɗu bayan haka, ranar 17 ga Fabrairun 1943, jirgin yaƙin Ingila ya ritsa U-69 a arewacin Atlantika ya nutsar da shi da mutum 46, ba wanda ya fita. Hakan ba baƙon abu ba ne a rundunar jirage masu nutso ta Jamus, domin cikin mutum kusan dubu arba'in da suka yi aiki a waɗannan jirage, kusan uku cikin huɗu ba su koma gida ba.

A watan Mayun 1943 kaɗai Jamus ta yi asarar jirage masu nutso sama da 40, har shugaban rundunar, Karl Dönitz, ya janye su daga arewacin Atlantika. A tsakiyar wannan shekara ce Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, wadda 'yan Arewa suka yi yawa a cikinta, ta hau jiragen ruwa zuwa Indiya a kan hanyarta ta zuwa Bama, ta 82 kuma ta bi bayanta a 1944.