Diyya Da Rabon Arziki: Abin Da Afirka Ta Kudu Ta Koya Mana

Ƴan uwa ƴan kasuwa da ma'aikata, maganar da za mu yi yau ta diyya ce, da tambayar da take raba kan masu neman haƙƙi: da wariyar launin fata za a fara yaƙi, ko da talauci? Ni a ganina, wanda ya raba su ya riga ya faɗi, kuma Afirka ta Kudu ce shaidata.

A 1913 dokar filaye ta keɓe wa baƙaƙen fata kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar kakanninsu. A 1936 aka ƙara zuwa kusan kashi 13. Bayan haka aka hana su zama da buɗe kanti a unguwannin farar fata, aka kuma tsara wa ƴaƴansu karatun da ba zai kai su ko'ina ba sai ga ƙwadago. Ku da kuka san kasuwa kun san ma'anar wannan. Wanda aka hana kakansa gona, aka hana ubansa rumfa, ranar da aka ce masa an soke dokar bai tashi da jari ba. Banki kuwa ba ya tambayar launin fata, takardar gida yake tambaya, kuma amsar ɗaya ce.

Da Nelson Mandela ya hau mulki a 1994, jam'iyyar ANC ta yi alkawarin mai da kashi 30 cikin ɗari na gonakin farar fata hannun baƙaƙe cikin shekara biyar. Amma aka ce sai mai gona ya yarda ya sayar, a farashin kasuwa. Wato gwamnati ta sayi abin da aka ƙwace, da kuɗin harajin waɗanda aka ƙwace wa. Wa'adi ya wuce, aka ɗaga, ya sake wucewa. Binciken da gwamnatin da kanta ta yi a 2017 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na gonakin da ɗaiɗaikun mutane suka mallaka suna hannun farar fata, alhali ba su kai kashi 10 na jama'a ba.

Diyyar kuɗi ma haka ta tafi. Hukumar gaskiya da sulhu, wadda Desmond Tutu ya shugabanta, ta ba da shawarar a riƙa biyan waɗanda aka azabtar duk shekara har shekara shida, a kuma ɗora haraji kan manyan dukiyoyi. A 2003 Thabo Mbeki ya ƙi harajin, ya ba kowane mutum rand 30.000 sau ɗaya. Ku lura kuma, waɗanda aka lissafa su ne waɗanda aka kashe wa dangi ko aka gana wa azaba. Miliyoyin da aka talauta da doka ba su shiga lissafi ba.

To, ɗaya ɓangaren fa? An yi dokar shigar da baƙaƙe cikin mallakar kamfanoni. Ta duba launi, ba ta duba aljihu ba. Ƴan tsiraru na kusa da jam'iyya suka sami hannun jari, suka zama attajirai cikin ƴan shekaru. Ranar 16 ga Agusta 2012 a Marikana, ƴan sandan gwamnatin baƙar fata suka harbe ma'aikatan haƙar ma'adinai 34 masu yajin neman ƙarin albashi. Cikin shugabannin kamfanin akwai Cyril Ramaphosa, mutumin da a da shi ne jagoran sandikar masu haƙar ma'adinai. Ban faɗi wannan don zagi ba. Na faɗe shi don ku ga inda hanya take kaiwa idan an canza fuskar mai kamfani, an bar albashi yadda yake.

Abin da ya karya mulkin wariya kuwa haɗin gwiwa ne: sandikoki da suka dunƙule cikin COSATU a 1985, ƙungiyoyin unguwanni, malaman addini, har da farar fata masu adalci. Sun haɗu ne don buƙatar ta shafi cikin kowa. Dabarar ke nan da ya kamata a riƙe wajen diyya. A kira laifin da sunansa, a ce wariya ce, kada a lulluɓe shi da kalmar talauci. Amma biyan ya zama fili mai takarda, da makaranta, da ruwa, da bashin jari mai sauƙi, a sa shi cikin doka da kasafin kuɗi, a faɗi wanda zai biya da wa'adin biya. Irin wannan diyya talaka na kowane launi yana da dalilin kare ta, kuma da wuya wani babba ya sa ta aljihu.

A zaɓen 2024, karon farko cikin shekara 30, ANC ta rasa rinjaye a majalisa, ta tsaya wajen kashi 40 cikin ɗari, dole ta kafa gwamnati da abokan hamayyarta. A Janairu 2025 Ramaphosa, yana shugaban ƙasa, ya sa hannu kan dokar da ta ba gwamnati damar karɓar fili, a wasu lokuta ba tare da biya ba.